Rawar da Aka Koya a Gaban Talabijin

Kawu ya kasa zama. Ya je bakin ƙofar shagon ɗinkinsa, ya dawo, ya ɗauki almakashi, ya ajiye. Auta, 'yar ƙanwarsa, ta ɗora kwamfuta a kan teburin yanka tana ta murza yatsu. Gobe za a haska fim ɗin da ta haɗa a kan wasansu, kuma ta yi masa alkawari ba za ta nuna ba sai da yardarsa.

Bara ne Kawu ya tara mutanen layinsu, su mai aski da mai wanki da matan ɗinki, wai za su yi wani tsohon fim na waƙa da rawa a kan dandamali. Auta ta bi su da kyamara tun ranar farko. A cikin shagon nan suka koyi rawar, an ture kekunan ɗinki gefe, kowa ido a kan talabijin. Jaruma ta ɗaga hannu, su ɗaga. Ta juya, su juya. Ba wanda ya taɓa cewa a kashe a gwada da ka.

Ranar wasa aka ja labule, babu talabijin sai idanun jama'a. Kiɗa ya tashi, kowa ya tsaya yana jiran na kusa da shi ya fara.

Wurin ne Auta ta kunna masa yanzu. Ga mai aski ya ɗaga ƙafa ɗaya ya rasa inda zai sauke ta.

"Cire wannan," in ji Kawu.

"Kawu, in na cire, babu fim."

"To a fasa!"

Matarsa ta ɗago daga guga. "Haba maigida, wa za ka ɓoye wa? Duk masu kallon gobe ai suna wurin. Ni kaina ga ni can kamar an dasa ni."

Kawu ya fita. Auta ta bi bayansa da kallo ta taga, ya kai bakin titi, ya tsaya, ya juyo.

Ya leƙo bai shigo ba. "Dariya za su yi ko?"

"Za su yi, Kawu."

Ya daɗe yana shafa ƙeya.

"Nuna abinki. Amma ki kama min kujera a layin gaba, inda ba zan ga fuskar kowa ba."