Ɗanyen Gawayin Auta

Wata takwas Auta tana fama da gawayi, ita da ta yi boko don ta rabu da shi. Aikinta a ɗakin bincike shi ne raba ruwa gida biyu ta hanyar lantarki, iskar haidirojin gefe, oksijin gefe. Ɓangaren oksijin ne mai taurin kai, ba ya motsi sai an sa masa wani ƙarfe mai tsadar tsiya. Ita kuwa ta dage cewa ɗan faifan gawayi da ta gasa a tanderu zai yi aikin. Yana yi kam, na awa uku. Daga nan oksijin ya cinye shi, ruwan kwalbar ya koma kamar shayi. Farfesan da ke duba aikinta ya ce in faifan bai kai awa ɗari ba kafin ƙarshen wata, a rufe aikin, digirinta ya bi ruwa.

Ana cikin haka mahaifinta ya shigo gari ganin likitan ido, ya biyo ta wurinta. Shekara arba'in yana ƙona gawayi, baƙin ya zauna masa a farce. Kunya ta kama Auta, ta yi ta satar kallon abokan aikinta.

Tsohon bai ko lura ba. Ya ɗauki faifai guda, ya kai kunne, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Auta, wannan ai ɗanye ne."

"Baba, na'ura ce fa ta gasa shi, da lissafi."

"Na'urar tana da kunne? Gawayin kirki ƙara yake kamar tangaran. Ƙara masa wuta. Kuma in dai halinki ne, tun da zafinsa kike buɗe murfi, iska ta sha shi."

Haka kuwa take yi.

Ta ƙara wutar, ta danne zuciyarta har tanderun ya huce don kansa. Ta saka faifan a ruwan, kwana huɗu da 'yan awoyi tana zarya gaban kwalbar. Awa ɗari ta cika ruwan garau, kumfa na tashi ba tsayawa.

Kafin Farfesa, Baba ta kira. Ta kara wayar kusa da wani sabon faifai, ta ƙwanƙwasa.

"Yauwa," in ji shi, "yanzu ya nuna."

Ta dubi farcenta, ya yi baƙi ƙirin. Ba ta goge ba.

"Baba, na gode," ta ce. "In ka dawo wurin likita, ka biyo. Zan nuna ka ga kowa."