Nauyin Kaftin

Laminu ya zura hannu har kafaɗa cikin 'yar ƙofar da ke wutsiyar jirgin saman, ya jawo ƙunshi na bakwai ya dire a kan rairayi. Wannan kam da nishi ya fito da shi. Ya kwance bakin zanen, sai ga dutsen niƙa da ɗansa.

"Na wa ne wannan?"

Matan da suka kewaye jirgin suka dubi juna. Can sai Gwaggo Zara'u, yayar ubansa, ta matso tana gyara ɗaurin ƙirji.

"Nawa ne, mi ya faru? Ɗiyata Asma'u za ka kai wa. Tun da yunwa ta kora su Maradi, jar dawar taimako ake ba su tsabarta, gida-gida take bi roƙon wurin niƙa."

Shekarar ce da rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka zube, soja na riƙe da ƙasa. Laminu ɗan garin ne, nan arewacin Mayahi aka yanke masa cibi, kafin lakwal, makarantar boko, ta ɗauke shi ta mai da shi matuƙin ɗan ƙaramin jirgin masu yaƙi da fara. Ran nan an turo shi daga Maradi ya ɗauki Ƙadri mai haƙar rijiya, wanda bango ya rufto wa a baya yana can ƙasa zurfin gaba ashirin yana neman wa gari ruwa. Maman Sani, malamin asibitin garin, ya ce in aka sa shi a mota, ramukan hanya za su ƙarasa abin da rijiya ta fara.

To, a garin nan ba a taɓa ganin mai tafiya birni ya tafi ba saƙo ba. Laminu na juya baya ya je duba mai ciwo, mata suka gano 'yar ƙofar, kowace ta cusa nata: ƙilishi, kuka, fatar akuya. Da bai saba zagaya jirginsa ba kafin ya tashi, yana taɓa nan yana leƙa can, da bai ga wutsiya ta sunkuya, ƙafar gaba ta ɗan ɗaga ba.

"Gwaggo, dutsen nan ba zai je ba."

"Kai, Laminu! Ni? Da uwarka ta kwanta ciwo, bayan wa ka yi wata tara? Wa ya bi ka da fura har bakin motar lakwal kana kuka kana majina?"

"Ke ce, Gwaggo, ban manta ba. Amma in nauyi ya taru a baya, jirgi hanci yake ɗagawa sama ya ƙi saukowa, daga nan sai ya faɗo kamar buhu. Ga rana ta take, iska ta yi zafi ba ta ɗaukar kaya, ga rairayi na riƙe ƙafa, ga gawon can a ƙarshen fili. Kilo ɗari da talatin zan iya ɗagawa yau. Ko tsinke ba zan ƙara ba."

Ta ja tsaki, ta zauna a kan dutsenta ta juya masa ƙeya.

Ya sa aka gungura sikelin da ake rabon hatsi da shi daga rumfar da ke gefen fili. Aka ɗora Ƙadri a kai, shi da ƙyauren da aka ɗaure shi a kansa: sittin da huɗu. Maman Sani ya hau da jakarsa da kwalbar ruwan da aka sa wa mai ciwo: hamsin da takwas. Laminu ya rubuta a tafin hannunsa, ya ce a shigar da su.

Ana cikin haka wata mota ta taso da ƙura ta tsaya. Kaftin Gazali ne, wanda aka turo ya kula da rabon hatsi, da sojoji biyu a bayansa. Mutum ne mai jiki, ɗamararsa a huda ta ƙarshe take.

"Kai ne direban? Madalla. Manya na jira na a Maradi kafin la'asar. Kai malam, sauko."

Maman Sani ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Koma ka zauna," in ji Laminu. Ya juyo. "Mon kafiten, in ya sauka wa zai riƙe wa mutumin nan kai? Ko ma ya sauka, kilo sittin da shida ya rage. Ga sikeli. Wanda bai hau shi ba ba ya hawa jirgina."

"Jirginka? Na gwamnati ne, ni kuwa a nan ni ne gwamnati. Ni za ka auna kamar buhun dawa?"

"Na auna mai ciwo ma."

"To a sauke mai ciwon, gobe ka dawo ka ɗauke shi."

"Ba zai kai gobe ba."

Ɗaya sojan ya sauke bindiga daga kafaɗa. Maza suka fara ja da baya. Laminu ya san mutanen da suka faɗi abin da bai kai wannan ba, har yau iyalansu ba su san inda aka kai su ba. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da makullin jirgin ya miƙa.

"Ga shi, ranka ya daɗe. A ƙasa igiya uku gare ka a kafaɗa, na sara maka. Amma iska ba ta san igiya ba. In ka matsa, kai za ka tuƙa. Ni ba zan kai mutum huɗu cikin gawon can ba."

Kaftin bai karɓa ba. Ya tsaya yana huci, zufa na bin wuyansa.

Sai ga muryar Gwaggo Zara'u daga kan dutsenta, ba ta ko tashi ba.

"Hau mana, ɗana. Ni da na goye shi, ga dutsena nan ya yar mini a ƙasa, kai wa? Wata biyar kana auna mana rabo da wanga ƙarfe, tiya ɗaya ga gida mai baki tara. Yau ɗaya mu ma mu ga abin da zai ce da kai."

Ba wanda ya yi dariya. Matsowa kawai suka yi, mata da tsofaffi, ƙasusuwan wuya a waje, suka kewaye sikelin suna jira. Kaftin ya dubi allurar sikelin, ya dubi hannayen matan, ya dubi cikinsa. Ya fi kowa sanin inda allurar za ta tsaya, ya kuma san kafin magariba lambar ta kai Tasawa a bakin masu amalanke.

"Ni dama ba zan shiga wannan gwangwani ba," in ji shi. Ya zaro littafi ya rubuta sunan Laminu da lambar jirgin, harafi-harafi, yadda kowa zai gani. "Za ka riga ni isa. Saƙona kuma zai riga ka."

Laminu ya juya wajen jirginsa. Ya sake zagaya jirgin tun daga farko, ya rufe 'yar ƙofar da kansa, ya sa aka kori awaki daga fili. Ya shiga ya ɗauko takardarsa ta duba kaya, yana karantawa da ƙarfi yana taɓa kowane maɓalli, duk da ya haddace ta shekara takwas. Bai tsallake ko layi ɗaya ba.

Ya yi bisimilla ya saki birki. Rairayi ya riƙe tayoyin kamar ba zai sake su ba. Rabin fili ya wuce, jirgi na ƙasa. Gawon na ƙara girma a gabansa, Maman Sani na salati, zuciyarsa na ce masa ya ja sandar tuƙi yanzu. Ya ƙi ja, sai da allurar gudu ta kai inda ya sani. Suka wuce kan gawon yana iya ƙirga ganyensa.

Sun yi kamar minti ashirin a sama, ƙasa duk ta yi ja ba ɗigon kore, rediyo ya yi ƙara a kunnensa. Muryar mai kula da filin Maradi ce, abokinsa, amma yau a hankali yake magana. Ya ce in ya sauka ya kashe inji, ya miƙa takardarsa ta tuƙi, akwai mutum biyu masu kaki da ke jiran sa.

"Na ji," in ji Laminu. "Ka ce wa motar asibiti ta matso har gindin jirgi."

Maman Sani ya sunkuyo daga baya yana ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Mi suka ce?"

"Sun ce iska da kyau a Maradi. Riƙe masa kai sosai, zan fara sauka."