Tsohon Fentin Gidan Pruitt

Na tarar da 'yata Odessa a jikin taga, ta kafa haƙora a katako, ɓawon farin fenti ya manne mata a leɓe. Sau uku na kira sunanta kafin ta waigo.

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a gidan rainon yara a birnin Toledo. Na san lokacin da jariri ke fara neman abin da aka ɓoye masa, da lokacin da yake haɗa kalmomi biyu. 'Yata ta cika shekara uku, amma kalmomin da ta iya bara ma sun fara zubewa.

"Kin cika fargaba, Renita," in ji mahaifiyata. "Kawunki Alvin sai da ya shekara huɗu bai ce uffan ba. Yanzu wa ke iya rufe masa baki?"

"Mama, Kawu bai taɓa iya magana sannan ya manta ba."

A asibiti likita ya ce mu dawo bayan wata shida. Na gyara zama, na ce ba zan tashi ba sai an ɗebi jininta. Aka ɗiba. Gubar dalma ce, daga tsohon fentin gidan da muke haya.

* * *

Na kai ƙarar mai gidan, Mista Pruitt. Hukuma ta ba shi wa'adin gyara, sai ya turo mutum ɗaya ya shafa sabon fenti a kan tsohon. Muka tattara muka koma wurin Mama.

Kullum nakan zauna da Odessa muna bitar kalmomi. Yanzu shekararta goma sha uku. Tana karatu a hankali, yatsanta na bin layi, lissafi kuwa har yau yana sa ta kuka. Amma tana karantawa.

* * *

Makon jiya na bi ta tsohon layinmu, na ga wata mace mai tsohon ciki tana sauke kaya a ƙofar gidan Pruitt. Na tsaya na gaya mata komai, ban rage ba.

Ta saurara har na gama.

"Maƙwabta sun faɗa mini, 'yar'uwa," ta ce. "Watanmu biyu muna kwana a mota. Ina za ni?"

Ta sunkuya ta kama gefe ɗaya na gadon jariri, ni kuma na kama ɗayan, muka hau matakala.