Kunne Lafiya Lau

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi a ɗakin injinan saƙa, abin da ya tara bai wuce tari da kurumta ba. In kana da magana sai ka zo gabansa, ya zuba wa bakinka ido ya tsince ta daga leɓɓanka. Duk tsofaffin masaƙan haka suke. Ƙarar inji ɗari uku ce ta koya musu: mai magana ya ɗaga hannu, kai kuma ka matso ka karanta bakinsa. Inna kan ce babu macen da ta kai ta sa'a a layin gidajen kamfani, in ta so zagin mijinta juya baya kawai take yi ta zage shi tas.

Duk shekara likitan kamfani yakan duba su. Ya tsaya gaban mutum ya tambayi sunansa, mutum ya karanta baki ya amsa, shi kuma ya rubuta a kati: kunne lafiya lau. Mai irin wannan kati ba shi da diyya, ranar da ƙarfinsa ya ƙare a sallame shi, a karɓe ɗakin kwanan da kamfani ya ba shi. Baba ya kusa kai wa nan, tarin ya fara kayar da shi a bakin aiki.

Da suka shiga yajin aiki, buƙatarsu ɗaya ce, a kawo likita daga waje ya tsaya ta bayansu ya yi musu magana. Sai sauran masana'antu suka biyo su da nasu koke-koken, gwamnati ta tsorata ta hana taro. Rana ta tara aka girke sojoji a ƙofar masaƙa.

Da tsakar rana na kai wa Baba ruwa, ban samu kutsawa cikin taron masu yajin ba, na tsaya jikin katanga. Tsofaffi ne a sahun gaba, don girmamawa. Da kunnena na ji lasifika tana cewa a watse ko a yi harbi, har sau uku. Matasan da ke baya, waɗanda inji bai gama cinye kunnuwansu ba, suka kwasa a guje. Na gaba ba su san an gudu ba, kuma lasifikar ta rufe bakin mai maganar.

Sai hafsan sojan da ke maganar ya sauke ta, ya ɗaga hannu don ba yaransa umarni. Baba ya ga an ɗaga hannu. Ya gyara hularsa, ya taka gaba da ladabi, idonsa a kan bakin mutumin. Na kira shi har muryata ta dishe, amma ta baya nake.

Su bakwai aka binne. Rediyo ta ce 'yan tada zaune tsaye ne suka afka wa jami'ai bayan gargaɗi uku.

Bayan wata biyu kwamitin bincike ya kira Inna, na raka ta. Shugaban ya tambaye ta ko mijinta yakan amsa in an yi masa magana.

"In ka fuskance shi, ranka ya daɗe."

Ya sa aka rubuta cewa yana amsawa. Sannan ya jawo katunan likita guda ashirin da biyu, ya jera a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ya ce ga shaida marigayin ya ji gargaɗi sarai, shi ya ƙi.

Inna ta miƙe, ta juya musu baya kamar yadda ta saba, ta faɗi duk abin da ke ranta. Su kam kunnensu lafiya lau, ba kalmar da ta wuce su. Kafin sati ya zagayo aka karɓe ɗakin.