Ƙwayaye Uku a Shagon Kawu

Karo na uku ke nan Kawu tela yana kiran ɗan ƙanwarsa, mai gyaran wuta, wai ƙwayayen lantarkin shagonsa sun dushe.

"Haba Kawu! Ka jera su a waya ɗaya, wuta sai ta ratsa wannan kafin ta kai wancan. Ƙarfin suke rabawa!"

"Ni da na ɗinka maka wandon farko za ka koya wa aiki?"

Mai gyara ya haɗiye takaici, ya hau tebur yana gumi, ya ja wa kowane ƙwai hanyarsa daban. Shago ya haskaka tar.

Kawu ya gyara tabarau. "Ka gani ko? Sun ƙaro wutar. Sauko mini daga tebur."