Taya Biyu da Taɓarya

Abin ya fara ne a daminar 1975, lokacin da Wakili, babban ma'aikacin gwamnati a Gombe, ya sayi wani siririn kwale-kwale mai cin mutum ɗaya a hannun wani Bature da zai bar ƙasa. Kowace Lahadi yakan tafi da shi kogin Dadin Kowa. Ɗauko shi daga bayan gida a Jekadafari, da ɗora shi kan rufin mota, da sauke shi a bakin ruwa, duk aikin Yuguda ne.

Yuguda ɗan baffan Wakili ne, ya kuma girme shi nesa ba kusa ba, shi ya sa Wakili yake ce masa Hamma, wato yaya. Tun da shanunsa suka ƙare yake zaune a shagon ƙofar gidan, ana miƙo masa tuwo. Jirgin bai kai buhun gero nauyi ba, amma tsawonsa yakan rinjayi mutum. Kafin kaka, gadon bayan Yuguda ya riƙe, har salla sai a zaune.

Ya kai kukansa wurin Okechukwu, mai walda a Bolari. Okechukwu ya haɗa masa taya biyu na tsohon baro, ya kuma yi wa wata taɓarya mazauni na ƙarfe da za a ɗaure a ƙarshen rufin motar, ta riƙa juyawa. Sai dai a jawo jirgin a kan taya, a jingina hancinsa a taɓarya, a tura, ya hau sumul.

Ran Lahadi Yuguda ya nuna abin a gaban Wakili da abokansa, yana murmushi. Wakili ya gwada da hannu ɗaya, ko babbar rigarsa bai naɗe ba.

"Ashe, Hamma, iyakar aikin naka ke nan? Ai ko tsohuwa Goggo da sandarta ta iya."

Aka yi dariya. Sannan Wakili ya shaida wa abokan cewa dama yana neman inda zai ajiye direba, ga shi Allah ya kawo shagon ƙofar gida. Bayan Babbar Salla sai a share. Bai ko dubi Yuguda ba.

Yuguda ba shi da kowa a ruga. Kashegari ya jefa tayoyin a kwarin bayan unguwa, ya faskare taɓaryar ya zuba cikin itacen girki. Ya ce wa Wakili an sace.

Wakili ya daɗe yana kallonsa, kallon wanda ya gane.

"To, sai a koma ɗaukar kai. Amma kada ka ƙara jingina mini shi a mota don ka huta, fenti yana tashi."

Yuguda ya ce to. Ya koma shago ya naɗe tsohon rawaninsa ya yi gammo. Ya yanke cewa zai ci gaba da ɗaukar jirgin har ranar da bayansa ya ƙi miƙewa, kuma ba zai sake gaya wa kowa yana ciwo ba.