Gwangwanin Biskit a Motar Wilfred

Kai ne, Desmond Ackroyd, kai ka zubar mini da miji.

Kai ka zo har gida da sunan ƙungiyarku ta masu tsofaffin motoci, hula a hannu, kana ta "Misis Thwaite, Misis Thwaite", wai in ara muku motar mijina Wilfred ku kai gasa ranar Lahadi. Wai tun bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙera ta, irinta ba su fi biyar ba a duniya. Ina ruwana da duniya? Ni dai na san koriya ce, kujera biyu, ba rufi, a cikinta sanyi ya kusa kashe ni ranar aurenmu. Na ba ka shayi, na ba ka makulli. Abu ɗaya na ce: kada a taɓa komai a ciki.

Bara Wilfred ya rasu. Dama ya ce in an ƙona gawarsa kada in kai tokar coci, in bar shi a motarsa. Na zuba shi a gwangwanin biskit ɗinsa na gareji, na tura bayan kujerar direba. Kullum da safe nakan je in zauna kusa da shi, in ba shi labarin maƙwabta.

Litinin ka dawo da ita tana ƙyalli, lambar yabo maƙale a gilashi. Na miƙa hannu bayan kujera, wayam. Ka ce alƙalan gasar na rage maki in sun ga abin da ba da shi aka ƙera mota ba, shi ya sa kuka kwashe tarkace. Tarkace.

"Ai mun ɗauka yashin tsane baƙin mai ne, Doreen," ka ce.

"Misis Thwaite nake. Yashin nan shekara hamsin ina wanke masa safa."

Ka ce za ka bincika. Shiru. Sai furanni ka aiko, na ba akuyar maƙwabta. Yanzu in ka hango ni a kasuwa sai ka tsallaka titi, da tumbinka.

Ranar Alhamis kuna taro a mashayar ƙauye, na sani. Ina nan zuwa da lambar yabon taku a jaka. Za ka miƙe tsaye gaban abokanka ka faɗa mini wa ya buɗe gwangwanin nan, ina kuka juye Wilfred. Sannan ka ɗauke ni ka kai ni wurin, ka nuna mini da yatsa.